Lambar da na goge da lemun tsami

Shekarun baya can, ana saura kaɗan Faransawa su tafi, ina amarya a Garagumsa da 'yata ta fari a goye. Ni 'yar Zango ce, a Damagaram aka haife ni, shi ya sa nake jin na fi matan ƙauyen wayo.

Da damina ta zauna, mai shela ya zaga ya ce masu lamba za su zo ƙofar maigari, a fito da kowane yaro saboda agana. Mata ba su so ba. Lokacin noman fari ne, kuma kowa ya san in lamba ta kama, hannu zai kumbura, zazzaɓi ya biyo, uwa ta yi kwanaki ba gona. Uwar mijina ta ce in je, don gardi, dogarin gwamnati, na duba gidaje, amma ta ƙulla mini rabin lemun tsami a bakin zane. Ana tsaga wa yarinyar a dantse, na zaga bayan rumbu na goge wurin tas. Ko ɗumi jikinta bai yi ba. Na yi ta yabon kaina.

Bayan girbi na je ganin gida. Akwai gwaggona, yayar mahaifina, makauniya, fuskarta duk zanzana. Tun tasowata haka na san ta, ban taɓa tambayar dalili ba. Ta karɓi yarinyar tana yi mata wasa, sai na ga babban yatsanta na bin dantsen hagu, ya koma na dama.

"Ba su zo garinku ba ne?" in ji ta.

Na ba ta labarin lemun ina dariya. Ita ba ta yi ba. Ta lalubo hannuna ta ɗora a kumatunta, ta ce in shafa. Ta gaya mini su biyar ne a ɗakin uwarsu shekarar da agana ta shigo unguwa, ita da mahaifina kawai suka tashi, ita ma ba da idanunta ba.

"Zazzaɓin kwana uku kika guje wa, 'yar nan?"

Washegari ta riƙe bakin mayafina muka taka har gidan likita. Da ma'aikacin ya tambaya ko an taɓa yi wa yarinyar, na sunkuyar da kai. Gwaggo ta ce an yi, ba ta kama ba ne. Ya dube ni, na san ya gane, amma ya sake tsagawa kawai.

Gwaggo ta hana ni komawa. Mijina ya aiko sau biyu, ta ce a gaya masa gero dai ya shiga rumbu, ya yi haƙuri. Hannun ya kumbura, yarinyar ta yi zazzaɓi, na yi kuka kamar ni aka tsaga wa. Kowace safiya gwaggo sai ta taɓa gefen wurin, har ya yi ɓawo ya faɗi. Sannan ta ce in tafi.

Da na koma, uwar mijina ta ga tabon, ta ce Allah ya raya, ba ta ƙara ba. Ban taɓa riƙe ta a rai ba. Abin da ta sani take tsoro, gona da zazzaɓi. Gwaggo ma abin da ta sani take tsoro. Ni ce dai ban san komai ba, ga jin wayo.

Yau in na ji wata ta kai ɗanta allura ɗaya ta ƙi komawa, ba na yi mata faɗa. Nakan tambaye ta wa ke gidan, me aka ce mata. Yawanci akwai mai magana a bayanta. Sai in zauna, in ce ta kawo yaron in ga hannunsa.