Idwal Hayaƙi da Yashin Ranar Lahadi

Matso kusa, gyara zama, shayin bai huce ba tukuna. Yau labarin Idwal Prosser zan ba ka, maƙerin garinmu na bakin teku a ƙasar Wales, wanda muka fi sani da Idwal Hayaƙi.

Tun yana saurayi yake gyaran kekuna da garmuna a maƙerar ubansa. Da aka gama babban yaƙin duniya, ya je gwanjon sojoji ya sayo injin jirgin sama, ya ɗora a kan taya huɗu, ya ce mota ce. In ya tashe ta, kajin unguwa sai su kwana ba su yi ƙwai ba. Burinsa ɗaya, ya yi gudun da ba a taɓa yi ba a kan yashin tekunmu. Bayan mota kuwa, sai waƙa. Shi ke jan baƙi a mawaƙan cocinmu, kuma a garin nan wanda aka cire daga mawaƙa, tamkar an cire shi daga dangi ne.

Shekarar da furfura ta fara leƙo masa, masu auna gudu suka yarda suka zo daga Landan da agogunansu. Ranar Asabar teku ta janye, ta bar yashi kunya-kunya kamar gonar dankali. Ba dama. Baƙin suka ce gobe da yamma za su kama jirgin ƙasa, kuma ba su da niyyar dawowa. Gari ya waye Lahadi, sai ga yashi ya kwanta sumul, da tauri kamar daɓe.

To, ka san Lahadinmu. Ba shara, ba shanya, ko fito yaro ya yi sai ya sha ranƙwashi.

Dattijo Gethin Bevan, babba a coci, ya tare shi a ƙofar maƙera cikin baƙar kwat.

"Idwal, ɗana, ina zuwa da wannan tabarau? Bai yi kama da na karanta waƙa ba."

"Baba, ka leƙa yashi kuwa?"

"Na gani. Jarrabawa ce."

"Ni kyauta na gani. Wanda ya shimfiɗa shi ya san yau Lahadi, bai kuma nemi shawarar dattawa ba."

"Ka tashi motar nan yau, ka bar mana kujerarka ta mawaƙa. Sannan ina so in ga mai tura maka."

Nan fa gizo ke saƙa. Motar ba ta tashi sai ƙarti sun tura, ƙartin kuwa duk sun shige coci, har abokansa, kowa na kallon takalminsa.

Sai ga matarsa Ceinwen, mai tonon katantanwar teku, tana jaye da jakinta, igiya a kafaɗa.

"Ke ma za su kore ki," in ji Idwal.

"Su kora. Na gaji da wanke baƙin mai a rigunanka a banza. Hau, maigida, kafin ruwa ya dawo."

"Yanzu jaki ne zai ja jirgin sama?"

"Ya ɗauko ka daga bikin ƙanenka, bai yi ƙorafi ba."

Jaki ya ja, Ceinwen ta tura, inji ya yi tari ya kama. Tana kwance igiya jakin ya ranta a na kare. Ana tsakiyar waƙa a coci tagogi suka hau rawa. Idwal ya kai ƙarshen yashi ya juyo, don ba a karɓar gudu sai an je an dawo. Da ya tsaya, fuska baƙi ƙirin, masu agogo suka tuɓe masa hula, don ya yi gudun da ba a taɓa yi ba.

Nasarar ba ta yi ƙarko ba. Kafin shekara ta zagayo wani mai kuɗi ya zo da sabuwar mota ya wuce shi. Korar ce ta yi ƙarko. Dattawa suka aiko cewa ya miƙe gaban jama'a ya ce ya yi kuskure, kujerarsa na nan. Duk Kirsimeti sai sun sake aikowa, shi kuma amsarsa ba ta sauya.

"Ku gaishe da Baba. Ku ce masa in yashi ya sake kwanciya haka ranar Lahadi, zan sake."

Har tsufa ya ranƙwafar da shi, ranar Lahadi yakan zauna a kan katangar coci ta waje, Ceinwen a gefensa, yana jin mawaƙa suna fama da gurbin da ya bari. Wani lokaci hawaye kan zubo masa, bai kuma taɓa ɓoye su ba. Amma ƙafarsa ba ta ƙara taka ƙofar nan ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

To kai fa, da kai ne a kan katangar nan, kana jin waƙar da ka fi kowa iyawa, za ka miƙe ka faɗi abin da zuciyarka ba ta yarda da shi ba?