Gurbin Amshi a Tef ɗin Baban Sarah

Ranar da Baban Sarah ya ce mini zai sayi tsohuwar rakoda, tsayawa na yi da ludayi a hannu ina kallonsa. Saura mako uku a yi masa aiki a maƙogwaro. Likita ya faɗa mana ƙiri-ƙiri cewa za a cire ƙarin da ya fito masa, zai tashi lafiya, amma murya kam kada mu sa rai. Mutum da wannan a gabansa, wai rakoda ce ta dame shi.

"Wace irin rakoda kuma? Ba ga waya a aljihunka ba?"

"Ba irin wannan ba, Maman Sarah. Ta da, mai tef, mai faifai biyu suna juyawa."

Sunansa Bernard, mijina ne shekara talatin da huɗu. Lissafi ya koyar a firamare a nan Samaru har ya yi ritaya, shi ne kuma mai bayar da waƙa a sujadar Hausa ta cocinmu. Mutum ne mai sanyi, amma in ya kafe a kan abu, sai dai ka gaji ka bar shi. Mahaifinsa mai bishara ne a wani ƙauye ta wajen Giwa, ya tsara waƙoƙin yabon Allah guda ashirin da bakwai a kan karin waƙar noma da ta niƙa, irin na bayarwa da amshi. Babu su a kowane littafi. Tsohon ya rasu, 'yan'uwa sun watse, sai Baban Sarah kaɗai ya riƙe su duka a kansa. Abin da yake so ya ɗauka ke nan kafin wuƙa ta taɓa shi.

Ya taɓa gwadawa shekara biyu da suka wuce. Wani ɗalibi mai situdiyo a bayan kasuwa ya ɗauki waƙa goma sha ɗaya a kwamfuta, sai kwamfutar ta mutu da su a ciki. Tun daga ranar ya ce abin da ba zai riƙe a hannunsa ya sa a akwati ba, bai yarda da shi ba.

Na yi mita har na gaji, sannan na ɗaura ɗankwali na bi shi, don in na bar shi shi kaɗai ko tukunyar ƙarfe aka nuna masa zai saya. Muka hau keke napep zuwa Sabon Gari, shagon wani mai gyaran lasifika da ake kira Uzodinma. Haifaffen unguwar ne, furfura fal kansa, Hausarsa kuwa har ta fi tawa gudu. Ya janyo abin daga ƙarƙashin tebur yana nishi, ya yaye tsohon zanen da ya rufe shi da shi.

Tabɗi! Ni na zaci rediyo zan gani. Abu ne kamar akwatin lefe, ga nauyi, ga allurai biyu a cikin gilashi.

"Oga, wannan tana ma aiki kuwa?" na tambaye shi.

"Madam, wannan ta girmi aurenki, kuma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

Ya canja mata bel ɗin da yake juya faifan, ya goge bakin da tef yake bi da auduga da sifirit, ya yi wa Baban Sarah bayani. Tef ɗin layi huɗu gare shi, kamar kunyoyi huɗu a gona. Ka ɗauki muryarka a layi ɗaya yau, wani ya zo gobe ya ɗora tasa a na biyu, in aka kunna sai a ji su tare. Ya miƙa masa makirfo ya ce ya gwada. Baban Sarah ya gyara tsayuwa ya bayar da baiti ɗaya. Muryar ta riga ta fara dushewa, amma da aka mayar da tef baya ta fito daga lasifika, mai sayar da rake a ƙofar shagon sai da ya leƙo.

Matsalar ita ce tef. Uzodinma ya ce sabo dai babu shi a Zariya kaf, sai faifai uku da yake da su, kuma kiɗan ƙungiyarsu ne a kai, na lokacin da suke samari suna wasa a bukukuwa. In aka ɗauki sabuwar murya, tsohuwar ta goge ke nan.

"A'a, ba zan goge maka ƙuruciyarka ba," in ji Baban Sarah.

"Ticha, mu biyar ne, saura ni kaɗai. Kuma tsakanina da kai, ba mu iya ba. Bari dai in ji ɗaya."

Ya ɗora faifan, ya zauna a kan benci. Kiɗa ya tashi, jita da ƙaho, wani yana waƙa da Ibo yana dariya a tsakiya. Uzodinma bai motsa ba har waƙar ta ƙare. Sannan ya cire, ya haɗa ukun ya ɗaure da roba ya danƙa wa mijina, ya juya yana neman wani abu a cikin durowa wanda na san ba ya nan.

A gida ɗakin Sarah aka mayar situdiyo, tunda ta yi aure. Ya jingina katifa a taga, ya manna kiret ɗin ƙwai a bango, ya hana ni daka in jar fitilar rakodar tana kunne. Da rana yake ɗauka, lokacin da injin markaɗen maƙwabta ya huta. Ina jinsa daga kicin: ya bayar da baiti, ya yi shiru yana ƙirga da yatsa, ya sake bayarwa.

"Wannan shirun fa?"

"Gurbin amshi ne. Bayan aiki 'yan kwaya za su zo su cike."

Da farko waƙa uku yake yi a rana, ya koma biyu, ya koma ɗaya da ƙyar, yana kurɓar ruwan ɗumi da zuma. Akwai ranar da aka ɗauke wuta yana tsakiyar baiti, ya fito ya zauna a dakali yana jiran a dawo da ita. Tsoro ya kama ni ƙwarai a kwanakin nan, sai dai nakan ɓoye shi a cikin faɗa. Ta ashirin da bakwai ya gama ta ana gobe za mu asibiti.

Aiki ya yi kyau, mun gode wa Allah. Murya kuwa ta tafi kamar yadda aka faɗa. Sai iska-iska take fita, sai ka kai kunnenka bakinsa.

Bayan wata guda 'yan kwaya takwas suka zo ranar Asabar, suka cika ɗakin. Ya rubuta musu kalmomin amshi a takarda da kyakkyawan rubutunsa na malami. Waƙa shida na farko suka tafi sumul, don ana yin su a coci. Da aka zo ta bakwai, muryarsa ta bayar daga lasifika, gurbi ya zo, sai kowa ya kalli na kusa da shi. Kalmomi suna hannunsu, amma karin fa? Ba wanda ya taɓa ji. Wata ta ce, "Baba, ɗan rera mana mu ji." Ya buɗe baki, iska ta fito.

A nan ya gane kuskurensa. Garin sauri ya ɗauki bayarwa duka, ya manta amshin ma a maƙogwaronsa yake. Ya gwada buga karin a tebur, ya gwada fito, bai yiwu ba. Suka yi sallama jiki a sanyaye.

Bayan sun tafi ya zauna shi kaɗai ya bar tef yana juyawa. Ina wanke-wanke a tsakar gida ina ji: muryarsa, shiru, muryarsa, shiru. Shirun nan ya fi komai ciwo. Ban san lokacin da bakina ya kama ba. Ashe shekara talatin da huɗu yana rera su yana aski, yana guga, yana gyaran keke, yana bayarwa yana amsa wa kansa, sun shige ni ban sani ba. Ni da ko a coci motsa leɓe kawai nake yi, don muryata kamar ta ƙofar kwano take.

Sai ga shi a bakin ƙofa, ido jajir. Ya kamo hannuna da kumfar sabulu a jiki, ya tsayar da ni gaban makirfo.

"Haba, Baban Sarah, ni? Mutane za su ji fa!"

Ya danna jan maɓalli. Na amsa baitin farko, na amsa na biyu, a na uku ya tsayar da tef, ya girgiza kai, ya nuna sama da yatsa, wai na yi ƙasa da yawa. Raina ya ɓaci, na ce, "To Malam, in ka fi ni iyawa ka yi da kanka mana!"

Maganar tana fita na kama bakina. Ya dube ni, kafaɗunsa suka fara rawa, yana dariya babu sauti, hawaye yana bin kumatunsa. Ni ma na fashe, kuka da dariya a haɗe. Ya goge fuska da hannun riga, ya mayar da tef baya, ya ɗaga mini yatsa. Muryarsa ta bayar, na amsa.