Ranar da Umma Ta Kira Sunana

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, bakin kowa ya buɗe a Dala. Motocin 'yan siyasa na yawo da lasifika, mahaifina da abokansa na musu a zaure har murya ta dushe. Ni kaɗai ce shiru. Shekarata huɗu ban taɓa furta kalma ba, maƙwabta har sun fara ce mini bebiya.

Ni ce 'yar fari, don haka Umma, saboda kunya, ba ta kiran sunana, ba ta yi mini hira. In tana nemana sai ta yafito ni da hannu.

Iya, wadda ta haifi mahaifina, ita ke yi mana tatsuniya a bakin murhunta bayan magariba. Rannan Umma ta kawo mata tuwo za ta juya, sai Iya ta ce, "Zauna. Ta yau ta manya ce."

Ta ce a farkon duniya mutane ba su da magana, nuni suke yi da hannu, kuma yana isarsu. Wata rana ɗan wata mata ya shige gonar dawa, dawar ta fi shi tsawo. Uwar ta yi ta yafito, wa zai gani? Da hankalinta ya tashi sai ta buɗe baki ta saki wata ƙara, daga can ciki yaron ya amsa. Ƙarar nan ta zama sunansa. Kowace uwa ta ƙirƙiro tata, da aka watsu cikin duniya wasu suka tafi da Fillanci, wasu Barbarci, mu muka riƙe Hausa.

Sai Iya ta dubi Umma. "Yarinyar nan tana cikin dawa. Na yafe miki kunyar, kira ta."

Umma ta sunkuyar da kai, ta daɗe tana murza bakin zaninta. Can, ƙasa-ƙasa, ta ce, "Saratu."

Ba zan yi ƙarya ba, ban amsa ba. Tashi na yi na je na haye cinyarta. Amma daga ranar kullum sai ta kira ni, ta yi ta ba ni labari tana tankaɗe. Kafin sallah babba, roƙona ake in yi shiru.

Da na yi karatu na ji masana na cewa ba wanda ya san yadda magana ta faro a duniya. Ban musa ba, amma tawa na san inda ta faro. Allah Ya jiƙan Iya. Ni kam da na haifi 'yar farina, tun ranar suna nake ƙwala mata kira, ko surukata na zaune.