Daga Bahon Wanki Zuwa Tekun Abhur

Wani ɗan kuka ne ya fara komai, ɗit-ɗit-ɗit, daga banɗaki. Ina tsince shinkafa na ɗauka injin wanki ne ya lalace. Ina leƙawa na tarar da maigida a tsugune gaban bahon wankina, ya cika shi da ruwa, ya tsoma kunnen na'urar neman kifi yana ta latse-latse. Ya daɗe ba aiki. Wani mai jirgin kamun kifi a Abhur, arewa da Jidda, ya ce zai zama kafilinsa, wato ya ɗauke shi aiki ya mayar da iƙamarsa ta zaman ƙasa hannunsa, amma sai ya gwada shi ranar Asabar da baƙi, kuma lallai ya iya na'urar. Ya ba shi aron jirgin ranar Alhamis don ya saba.

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Waziriyya, ni da shi da autarmu mai shekara shida. Hanyar arewa fayau, sai manyan motoci da masu shara. Muka tsaya muka sayi waken ful da burodin tamis mai zafi, mai gidan abincin ɗan Sudan ya ƙara wa yarinyar falafil kyauta. Jatan lande na ƙugiya kuwa tsadarsa ta sa na ce da ma mu soya shi mu koma gida. Masu tsaron gaɓa suka duba takardu, muka sa rigunan ruwa, tawa a kan abaya, na karanta addu'ar hawa, na riƙe yarinya gam.

Shekaruna a Jidda ban taɓa ganin garin daga cikin ruwa ba. Benaye suka zama kamar kwalayen ashana, ruwan kore a gaɓa, can gaba shuɗi har ya so ya yi baƙi.

Ana kunna na'ura ta kama ɗit-ɗit ba tsayawa, allon ya cika da hotunan kifaye. Muka yi murna, muka jefa ƙugiya. Shiru. Muka matsa, allon ya sake cika, ƙugiya ta sake dawowa da jatan landenta. Rana ta ɗaga. Na ga gumi na bin wuyan maigida, sai goge allon yake da gefen hirami. Tausayinsa ya kama ni, na zuba masa shayi, na ce da wasa:

"Baban yara, wai ka gaya wa na'urar nan mun bar baho kuwa?"

Ya dube ni, ya dubi allon, sai ya ce, "La ilaha illallah. Wallahi a baho take."

Ashe a gida ya kulle mata zurfi daidai da ruwan baho, kuma da bai ga komai ba ya ƙure ƙarfin jinta. Shi ya sa kumfar inji da ɓurɓushin ciyawa duk kifi ne a wurinta, ƙasan teku kuwa ba ta ma kai can ba. Ya sake mata zurfin ta nemo da kanta, sai ga ƙasa ta fito, jan layi mai tudu da kwari. Ya kashe hotunan kifin nan na yaudara. Ya riƙa rage ƙarfin kaɗan-kaɗan, ni ina kallo ina cewa ƙara ragewa, har dusar ta washe. Da ya rage da yawa allon ya zama wayam, ya ɗan mayar. Muka tafi a hankali gefen duwatsun murjani, sai ga wasu 'yan lanƙwasassun layuka kamar gira.

Maigida ya ce, "Yalla, ga su nan. Bismillah."

Kifin da ake kira sha'ur ya fara kamawa, sannan hamur mai nauyi da ya jiƙa mini abaya. Ƙananan na roƙa aka mayar ruwa. Ya yi ta canza wuri yana sake saiti, mai zurfi da marar zurfi, har hannunsa ya faɗa. Sannan ya ce halas, shi ke nan, ya shirya wa Asabar.

Mun shigo gida bayan la'asar, rana ta gasa mu, mota na ƙarnin kifi, maigida na rera wata tsohuwar waƙar garinsu tun daga Abhur. Na aika wa maƙwabta rabonsu. Abin da na koyo, allon da ya cika da alamu ba shi ne mai kifi ba, kuma sai an rage hayaniya ake ganin rabon da Allah ya ajiye.

Ina fere hamur a kicin auta ta zo ta jingina da ni, ta yi ƙasa da murya:

"Mama, ashe Baba ya iya waƙa?"