Aikin Ladan, Sunan Philemon

A Randagi aka haifi Ladan, gidan noma gaba da baya, amma fartanya ba ta taɓa zama a hannunsa ba. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya warware rediyon mahaifinsa, ya sha bulala har ya gode wa Allah, washegari ya mayar da ita ta kama Kaduna tangaran. Daga nan aka sallama shi ga ƙarafa. Da daji ya ɓaci, mutanen ƙauyuka suka fara kwararowa cikin gari, shi ma ya kwaso matarsa Aminatu da 'ya'yansu ya dawo Birnin Gwari, ya kafa teburi a wata rumfar kwano kusa da tasha. Rediyo, tocila, wayar hannu, fitilar sola, duk abin da ya mutu a kawo wa Ladan. Mutum ne mai hannu, ba shi da yawan magana, sai dai yana son a yaba masa. In ya gyara maka abu ka tafi ba ka ce ya iya ba, ranar ko tuwo ba ya yi masa daɗi.

Shekara ashirin ya yi yana shan taba, har tari ya kama shi, irin wanda ake jiyowa daga bakin titi. Wata rana wani direban tirela mai suna Gambo, wanda ke yada zango a tashar, ya ajiye masa wani ɗan akwatin ƙarfe mai bututu a ka.

"Sigarin lantarki ne," in ji Gambo. "Mu shishar aljihu muke ce mata. Ta daina kawo wuta. In ka gyara, ka gyara, in ba ka iya ba ka jefar."

Wannan "in ba ka iya ba" ita ta hana Ladan sakat. Ya buɗe abin ya zuba masa ido. Batir ne, da maɓalli, da 'yar siririyar waya da aka naɗe kamar zobe, an zura auduga a cikinta. Audugar tana shan wani ruwa mai ƙamshi, wayar ta yi zafi, ruwan ya zama tururi. Kafin Gambo ya dawo daga Legas ya gyara ta, ya kuma haɗa tasa da batir ɗin tsohuwar kwamfuta a cikin gwangwanin man shafawa. Da ita ya rabu da taba. Aminatu dai ba ta yi murna sosai ba.

"Malam, hayaƙi ai hayaƙi ne," ta ce. "An dai sauya wa tuwo suna."

Gwangwanin ba shi da kyan gani, yana kuma ɗaukar zafi a hannu. Sai Ladan ya nufi wajen Philemon, kafinta, mutumin Kusasu, wanda suka yi firamare tare suna zama benci ɗaya. Shi ma rashin zaman lafiya ne ya kawo shi gari. Da yake shiga daji neman katako ya zama sai da shiri, Philemon tsofaffin taɓare yake bi gida gida yana karɓa, na ƙirya da na maɗobiya waɗanda suka tsage. Daga guntun taɓarya ya sassaƙa wa shishar Ladan ɗan gida daidai tafin hannu, ya goge shi da man kaɗanya har yana ɗaukar ido, ya zana masa 'yan layuka irin na jikin ƙwaryar Gbagyi.

Direbobi suka gani, masu haƙar zinari suka gani, kowa ya ce sai an yi masa. Ladan ya haɗa ciki, Philemon ya yi waje. Suka shekara biyu a haka, lafiya lau.

Abin da ya fara sosa ran Ladan ƙarami ne. Wani direba ya tsaya a rumfarsa ya ce, "Nan ne ake samun 'yar Philemon?" Ladan ya yi dariyar yaƙe ya nuna masa. Kafin wata uku sunan ya bi gari. Ba wanda ke cewa shishar aljihu kuma, sai 'yar Philemon. Mutum zai zo ya zauna a bencin Ladan, Ladan na ƙona yatsu da dalma a kan abin nan, shi kuwa yana shafa itacen yana cewa, "Kai, Philemon ya iya aiki!" Ladan ya koma gida yana huci.

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo," ya ce wa Aminatu. "Itace ne ke kawo wuta? A cire abin da na sa a ciki, ai guntun taɓarya ce."

"To ka gaya masa mana."

"In ce masa me? Shi ya raɗa sunan?"

Gaskiya ne, ba shi ya raɗa ba. Philemon ma in an yabe shi cewa yake, "Aikin Ladan ne, ni riga kawai na ɗinka." Wannan ya fi komai ƙona wa Ladan rai, don mutane sai su ƙara da cewa ga iya aiki ga sauƙin kai.

Ana haka Gambo ya kawo wa Ladan wasu sababbin injunan shisha 'yan ƙanana masu ɗan gilashi, waɗanda ake sa wa iyakar zafi. In wayar ta kai zafin da aka sa, injin ya rage wuta da kansa, auduga ba za ta ƙone ba ko da ruwa ya ƙare. Ladan ya ce a ransa, ga abin da zai sa a san waye mai aikin. Ya haɗa na farko, ya sa iyaka, ya danna. Audugar ta yi baƙi ƙirin, ƙauri ya cika rumfa. Ya sake naɗi, haka. Ya canza batir, ya sake liƙa kowace waya, ya wanke, ya busar, duk a banza. Mako uku yana fama, ya daina karɓar gyaran rediyo, idanunsa suka yi ja. Philemon ya leƙo sau biyu yana tambaya, Ladan ya ce saura kaɗan.

A mako na huɗu Philemon ya zo da babbar 'yarsa Deborah, wadda ta gama koyon aikin lantarki a Kaduna ta dawo tana kafa wa mutane sola. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ko za ta iya dubawa. Ladan ya tura mata abin da bayan hannu. Ta jujjuya shi, ta ɗora mitarta ta awon wuta a kan naɗin wayar, sannan ta tambaya.

"Baba Ladan, wannan wayar daga ina take?"

"Daga tsohuwar hita. Da ita nake yi tun farko, ba ta taɓa ba ni kunya ba."

"To ita ce. Injin nan ba ya jin zafi kamar yadda hannu ke ji. Wayar yake aunawa. Akwai wayar da in ta yi zafi wuta ke shan wuya kafin ta ratsa ta, da wannan canjin yake gane zafi ya kai. Wayar hita kuwa da sanyi da zafi kusan duk ɗaya ne a wajenta, sai injin ya ɗauka har yanzu da sanyi, ya yi ta tura wuta."

Ta ciro wata siririyar waya mara tsatsa daga jakarta, ta naɗa, ta ce a bar ta a inuwa ta huce sarai kafin injin ya ɗauki awonta na farko, don in ya auna ta da ɗumi lissafinsa duk zai karkace. Ta ɗaure sukurorin tam. Ta sa busasshiyar auduga ta danna, ta riƙe. Da ta ciro audugar, fara fat.

Mutanen da ke zaune a benci suka ɗauki kabbara da tafi. Wani ya ce, "Gidan Philemon dai Allah ya ba su!" Ladan ya ce madalla, ya ce Allah ya yi albarka, amma bai san da wane baki ya faɗa ba. Abin da ya ci masa mako uku, yarinyar da aka haifa a gabansa ta warware kafin shayi ya huce. Ya duba uban, ya duba 'yar, ya ga ga mai waje ga mai ciki a gida ɗaya. To shi kuma na mene ne?

Ba a yi wata ba wani mai shago a Kaduna, wanda ya ga hoto a waya, ya aiko Gambo da saƙo: a yi masa guda ɗaya mai sabon injin ya gwada, in ta yi zai riƙa ɗauka da yawa. Saƙon wajen Philemon aka kai shi. Philemon ya zaɓi maɗobiya mafi kyau, ya kwana biyar yana sassaƙa, ya kawo wa Ladan yana murna kamar ranar Kirsimeti.

"Abokina, wannan ƙofa ce ta buɗe mana."

"Ta buɗe maka dai," in ji Ladan, yana murmushi kamar wasa.

Ranar da ya zauna haɗawa, wayoyin biyu suna gabansa, sabuwa da ta hita. Ya daɗe yana kallonsu. Ya san in auduga na jiƙe ba za a gane komai ba, sai an yi kwana biyu ruwa ya ja baya. Ya ɗauki ta hita ya naɗa. A ransa cewa yake, bari a ga ko itace zai hana ƙauri.

Gambo ya kai ta Kaduna, bayan kwana tara ya dawo da ita a leda, ya biyo ta rumfar Ladan kafin ya miƙa ta gidan Philemon. Ya ce mutumin ya zuƙa a gaban abokansa, ƙauri ya shaƙe shi, ya yi ta tari har da hawaye. Mutumin ya ce itacen ya yi, amma wanda ya haɗa cikin bai san aiki ba, ya kuma matsa a gaya masa ko waye.

"Na buga wa Philemon a gabansa," in ji Gambo. "Ya ce a ce shi Philemon ɗin ne, shi ya yi gaggawa."

Ladan ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Wata da watanni yana jiran ranar da za a tambayi wanda ya yi cikin, ga ta ta zo, kuma ba ya so a faɗa.

Da la'asar Deborah ta zo ita kaɗai. Ba ta zauna ba. Ta ajiye ɗan naɗin wayar a kan teburinsa, baƙi, da ƙonanniyar auduga a jiki.

"Baba Ladan, na buɗe na gani. Na ce wa Baba kuskure ne, ya ce kai ba ka kuskure iri ɗaya sau biyu."

"Sai me ya ce?"

"Ya ce in kawo maka, kada in ƙara komai."

Ta gaishe shi ta tafi. Ladan ya bar naɗin nan a inda ta ajiye har aka kira magariba. Ya so a ce Philemon ya zo ya zage shi a gaban jama'a, da ya samu abin riƙewa. Washegari ya tafi shagon kafintan da kansa. Ya tarar da shi yana fiƙe ƙafar kujera. Suka gaisa, ya tambayi iyali, ya tsaya yana murza hula.

"Ladan," in ji Philemon, bai ɗago ba, "da ka ce mini sunan ne ke damunka, da na ƙona naka a jikin kowace. Minti nawa ne?"

"Ba a roƙon irin wannan."

"Haka ne. Ba a kuma yin wancan."

Iyakar abin da suka faɗa ke nan. Ba su yi faɗa ba, ba su kuma koma kamar da ba. Mai shagon ya ci gaba da ɗaukar gidajen itace zalla, daga baya ma ya ja Philemon zuwa Kaduna, inda yanzu yake da wurin aikinsa. Da su Philemon za su tashi, Ladan ya taya su ɗaure kaya a mota, Philemon ya bar masa buhun guntayen ƙirya da bai taɓa buɗewa ba.

Shishar aljihu ta fita ran Ladan, har tasa ya daina sha, abin da ya fi yi wa Aminatu daɗi a duk labarin. Amma ilimin awon zafin bai tafi a banza ba. Ya koma haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai mai aiki da sola a cikin tsofaffin firji, matan ƙauyen Kazage da na cikin gari suna saye, kuma injin Ladan suke ce masa. Ko da yaushe yana gaya wa masu saye cewa wata 'yar abokinsa ce ta buɗe masa ido a kan zafi, ba ya ɓoye wannan.

Gambo har yanzu yana yada zango a rumfar. Kwanan baya ya miƙa masa waya ya nuna masa hoton Philemon a sabon wurinsa, ya yi ƙiba, ga allo da sunansa a sama. Ladan ya kawo wayar kusa da ido ya daɗe yana dubawa.

"Allon ya karkace," ya ce, ya miƙa wa Gambo wayarsa, ya jawo firjin da yake aiki a kai.