Yudelka, wadda ta bar katinta jingina

Kowace Litinin, Yudelka Encarnación takan shanye kofinta a tsaye, ta rungumi gwangwanin biskit, ta haye bayan ɗan acaɓa sai birnin San Juan. Ba biskit a ciki. Katunan shaidar tsofaffin ƙauyenmu ne take kaiwa ofis, a sa su cikin tsarin maganin gwamnati. Shekara goma sha tara tana wannan zirga-zirga, bana gwiwa ta ce ta gaji.

A nan, duk wanda ya ce kawo katinka, ƙuri'arka yake hari. Mun sha ganin 'yan siyasa suna karɓe katuna gab da zaɓe don kada a jefa wa abokin hamayya. Don haka da ta fara, ƙus-ƙus ya cika gari. Ni kaina na rantse akwai wanda ya turo ta.

Wanda ya fi kowa kafewa kawunta ne, Eleuterio, mai hawan jini. Da wuƙa yake raba ƙwaya gida biyu don ta kai shi ƙarshen wata, sau biyu kuma ana ɗauko shi a sume daga gonar wake.

"Kawu, kawo katin," in ji ta.

"Wace jam'iyya ce ta aiko ki?"

"Jam'iyyar masu ƙyuyar zuwa jana'izarka."

"Ji baki kamar na uwarki! Ba zan bayar ba."

Sai ta zaro nata katin, ta ajiye masa a kan teburin wasan domino. "To, riƙe wannan. Ranar da magani ya shigo hannunka ka maido mini."

Ya ba ta nasa, kwana uku ta dawo masa da shi. Amma maganin ya ɗauki wata biyu, zaɓe kuwa ya faɗo a tsakani. Da safiyar ranar zaɓen ta je neman katinta, tsoho ya tura shi cikin malafa, ya danna a ka. "Magani muka ce, 'yar nan."

Ba ta yi musu ba. Kowa ya gan ta zaune gindin mangwaro, mu muna wucewa da tawada a yatsa, nata fes. Daga ranar gwangwanin ya fara cika.

Eleuterio yana nan, shekararsa tamanin da takwas. Har yau in ta kawo masa ƙwayoyi sai ya ƙanƙance ido ya ce, "Wa za a ce in zaɓa?"

Yudelka, ke ce kika haɗiye zarginmu ba ki rama ba. Shekara guda na hana mahaifiyata ba ki katinta, tana fama da sikari, kuma kunyar wannan ba ta sake ni ba. Ki yafe mini. Mun gode.

Duk mai tsoho a gida da ke raba ƙwaya da wuƙa, ya tashi ya karɓi katin tsohon ya kai ofis, tunda gwiwar Yudelka ta gaji. In an tambaye shi wa ya aiko shi, ya ajiye nasa a kan tebur.