Abin da Alhaji ya ƙi faɗa a tasha

"Mi ya sa yaron nan ya aje maka mota?"

Kawun yarinyar da nake nema ne ya tare tsohon maigidana Alhaji a tashar Ƙaura. Ina tsugune bayan wata mota ina ɗaure taya, ba su gan ni ba.

Raina ya ɓaci, har na shirya rashin kunya. Alhaji kaɗai ya san taɓin hankali ne ya sami mahaifiyata, na koma Daura jinya. Kun san mutanenmu, suna ji aure ya watse.

Alhaji ya ce, "Malam, tuƙi na ɗauke shi, kuma ya yi lafiya lau. Saura na gidansu ne. Yana da baki, tambaye shi."

Duk surutuna, sai na sunkuyar da kai na ci gaba da ɗaure tayata.

Allah Ya rufa wa Alhaji asiri. Ku fa, naku maigidan zai iya riƙe bakinsa haka?